Babban Yatsan Manong Cleto

A ƙasan benen ƙaramar hukumar Santa Rufina, in ka wuce ofishin haraji ka yi hagu, akwai wata taga mai ƙarafa inda ake miƙa zanen gini. Duk wanda zai ɗora bulo a kan bulo a garin, gida ne ko shago ko rumbun shinkafa, sai takardunsa sun bi ta nan kafin injiniyan hukuma ya ba shi izini. Shekara talatin da ɗaya mutum guda ne ke zaune bayan tagar nan, Anacleto Pagunsan, wanda kowa ke kira Manong Cleto, wato Yaya Cleto, har waɗanda suka girme shi.

Gajere ne, kansa fari fat, tabarau na rataye a wuyansa da zaren kamun kifi. Ba injiniya ba ne, kuma shi ke fara faɗa tun ba a tambaye shi ba. Ya gama karatun injiniya a birnin Iloilo yana da shekara ashirin da biyu, ya zauna jarrabawar lasisi sau uku, sau ukun nan sunansa bai fito a jarida ba. A na ƙarshen, in ji shi, jarida biyu ya saya, ko ɗayar ta yi kuskure. Ana cikin haka mahaifinsa ya kwanta ciwo, ga ƙanne biyar a makaranta, sai aka ji hukuma na neman akawu. Ya karɓi aikin da niyyar ya yi shekara ɗaya ya koma karatu.

"Shekara ɗayar ce har yau ba ta cika ba," haka yakan ce.

Ƙa'idar tagar ba ta da yawa. Zane ba ya shiga sai da sa hannun injiniya mai lasisi, da lambar lasisinsa, da lambar rasit ɗin harajin sana'a na wannan shekarar, sannan da hatiminsa. Hatimin ba na tawada ba ne. Ƙarfe ne mai baki biyu da ake matse takarda a tsakani, sunan mai shi ya fito tudu-tudu. Wani akawun da ido zai duba ya wuce. Manong Cleto kuwa sai ya sauke tabarau, ya lumshe ido, ya bi hatimin da babban yatsa. 'Yan kwangila na masa tsiya, wai yana duba takardar gwamnati kamar mai zaɓen mangwaro a kasuwa. Shi kuma ya ce ai gara mangwaron, in ya ruɓe mutum ɗaya yake ɓata wa ciki.

Lorelie Tamon ta fara zuwa tagar a watan Yunin bara, wata biyu da gama jami'a. Tana aiki a wurin Injiniya Bonifacio Gelvezon, wani dattijo da ake kira Injiniya Boning, mai ɗan ofis a saman kantin magani. Ita ke zane, ita ke kai takardu, shi ke dubawa ya sa hannu. Jarrabawar lasisinta sai Nuwamba. Amma mahaifinta, mai sassaƙa kwale-kwale a bakin teku, ya riga ya goge allon katako ya jingine shi a bayan ƙofa, irin wanda ake kafawa a gaban gida da sunan ɗan da ya ci jarrabawa. Duk safiya kafin ta fita sai ta haɗa ido da allon nan. Yarinya ce mai yawan fargaba, irin masu komawa su taɓa kwaɗo bayan sun kulle ƙofa.

Babban aikin ofishin a lokacin shi ne benen Tiyay Luding, wato Goggo Luding, mai injin casar shinkafa, wadda ke gina ɗakunan kwana na 'yan mata ɗalibai ashirin da huɗu. Izini ya fita, ginshiƙan ƙasa sun tashi, an shirya zuba kankaren bene ranar Asabar. Ana saura kwana tara, ran Alhamis, sai Injiniya Boning ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar kifi. Aka wuce da shi asibiti a Iloilo, ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi.

Ran Litinin Tiyay Luding ta zo wurin gini da lemarta, ta sa aka shimfiɗa mata zane a kan buhunan siminti. Ta ɗora farce a matakin farko na matakalar bene ta fara ƙirga kamar yadda kowa a garin ke ƙirgawa, oro, plata, mata, zinariya, azurfa, mutuwa, a sake komawa zinariya. Mataki goma sha biyar ne. Farcenta ya tsaya a na sama.

"Inday," ta ce da Lorelie, yadda ake kiran yarinya a nan, "mutuwa kuka zana mini?"

"Tiyay, tsawon benen ne ya ba da haka."

"Tsawon benen ne zai je ya yi wa iyayen yara bayani? Uwar wa za ta ba ni 'yarta in ta hau ta ƙirga ta sauka a mutuwa? Ke a gidanku nawa ne?"

"Bakwai."

"Zinariya ke nan. Ubanki mai kwale-kwale ya iya ƙirga, ku masu digiri kun kasa."

Lorelie ce ta zana matakalar, kuma ita ta manta ba ta ƙirga ba. Tiyay Luding ta ce a mayar da su goma sha shida. Shugaban magina ya ce shi ba zai canza ko ƙusa ɗaya ba sai ya ga sabon zane da hatimi da amincewar hukuma, kuma motar kankare daga birni za ta zo, in ta wuce Asabar sai bayan mako biyu, ga damina ta kankama. Tiyay Luding ta naɗe lemarta ta ce injiniyoyi ba su ƙare a duniya ba don Boning ya kwanta.

Da la'asar ɗin nan Lorelie ta zauna ita kaɗai a ofis ta sake zanen. Ƙarin mataki ɗaya ya sa matakalar ta ƙara tsawo, dole ramin da aka bari a bene don masu hawa shi ma ya ƙaru. A daidai wurin akwai bim, kankaren nan mai rodi da ke ɗauke da nauyin bene. Ta matsar da shi gaba kamar taku ɗaya, ta ga komai ya shiga tsaf. Sannan ta daɗe tana kallon aljihun teburin maigidanta. Mabuɗin na hannunta. Ta ce wa kanta ai da yana nan da ya sa hannu, ai aikinsa take tsare masa, ai mataki ɗaya ne. Hatimin na naɗe cikin tsohon hankici. Ta matse shi a kan takarda uku, ta gwada sa hannunsa a bayan kalanda har ya yi kama, sannan ta sa.

Washegari da hantsi ta shiga layi. Mutum biyu ne a gabanta. Da aka zo kanta, Manong Cleto ya yi mata murmushi.

"Inday injiniyar gobe. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Manong."

Ya warware zanen a kan katakon da ke bakin tagar, ya duba lambobi. Tambarin roba na karɓa yana gefen hannunsa na dama, wanda in ya buga shi, takarda ta zama ta hukuma. Ya sauke tabarau, ya lumshe ido, ya ɗora yatsa. Yatsan ya zagaya sau ɗaya, ya tsaya, ya koma baya. Bai buɗe ido da wuri ba. Da ya buɗe, sai ya leƙa ya ce da mutumin da ke bayanta a layi, "Toto, je ka sha kofi ka dawo, cikina ya buga sha biyu tun ƙarfe goma." Ya jawo labulen tagar, ya ce da ita, "Zagayo ta baya."

Ɗakin ɗan ƙarami ne, zane-zane a nannaɗe har rufi. Ya ba ta kujerarsa, shi ya zauna a kan akwati, ya buɗe kwanon abincinsa, shinkafa da busasshen kifi da yankan tumatir.

"Ci."

"Na ƙoshi, Manong."

"Ba ki ƙoshi ba, tsoro ne ya cika ki. Boning ya warke ke nan? Jiya matarsa ta ce wa matata cokali ma ba ya iya riƙewa."



"Ko da ban ji wannan ba, da na sani," ya ce. "Shekara talatin ina shafa hatimin mutumin nan. A tsaye yake matsawa, ya sauke nauyinsa duka, har ta baya kina iya karanta sunan. Wannan kuwa gefe ɗaya ne ya kama, hannun mai tsoron kada a ji ƙara. Kuma shi sa hannu yake fara yi, hatimi ya ciji wutsiyar sunansa. Ke kin fara matsawa sannan kika rubuta. Taɓa nan. Kin ji inda biro ya yi ta tuntuɓe a kan tudun?"

Ta taɓa. Ta ji. Hawaye suka zubo mata ba ta shirya ba, ta fara ba shi labarin Tiyay Luding da motar kankare da matakai goma sha biyar, maganar na fita a hargitse. Ya bar ta ta gama, yana cire ƙayar kifi.

"Luding tana da gaskiya, ni ma ba zan kai jikata gidan da ya ƙare a mutuwa ba. Amma ba wannan ne ya dame ni ba." Ya goge hannu, ya jawo zanen, ya nuna da ɗan yatsa. "Ni ba injiniya ba ne, sau uku aka tabbatar mini. To ki taimaka wa jahili. Da, wannan bim ɗin a kan ginshiƙi yake zaune, ga shi nan, ga shi can. Yanzu da kika matsar da shi, a kan me ya zauna? A kan addu'a?"

Lorelie ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Bim ɗin ya sauka daga kan ginshiƙansa, ya koma ya rataya a jikin wani ƙaramin bim da ba a lissafa shi da wannan nauyin ba. A samansa kuma bangon bulo ne na ɗakin wanka da tankin ruwa. Abu ne da ɗan aji uku zai gani. Ba ta gani ba saboda matakai take ƙirgawa.

"Da injiniyan hukuma ya kama," ta ce.

"Wataƙila. Shi kaɗai ne a kan tituna da gadoji da kasuwa da magudanun gari. In ya ga hatimin Boning a kan gyaran matakala, hankalinsa kwance yake sa hannu, don Boning bai taɓa ba shi kunya ba. Abin da hatimi yake nufi ke nan, Inday. Mutum ne ya ce na duba, in ya faɗi a zo a kama ni. Ke kin ce a kama wanda ke kwance bai san ma an zana ba."

Ya ɗauki tambarin roba ya juya shi a hannu, ya mayar da shi aljihun tebur.

"In na buga wannan, takardar ta shiga. In ta shiga, ba zan yi wa kowa ƙarya ba, zan hau sama in faɗa, su kuma su rubuta wa masu ba da lasisi. Daga nan ko kin ci jarrabawa da maki ɗari, allon ubanki sai dai a yi benci da shi. Ban buga ba. Ban karɓi komai ba yau, kin zo gaishe ni ne. Amma ki je ki faɗa wa Boning da bakinki kafin Juma'a. In ba ki je ba, ni zan je, kuma ni ban iya rage magana ba."

Ta tashi za ta fita. Ya ce ta dakata. Ya ɗaga katakon da ke bakin tagar, wanda kowa ke shimfiɗa zane a kansa, ya kifa shi. A ɗaya fuskar an sassaƙa kalma ɗaya, Injiniya, da kyakkyawan rubutu, sauran wurin fili.

"Babana ya ce zai ƙarasa in sakamako ya fito. Da gara ta cinye na tagar, na ce wannan ai katako ne mai kyau, kada ya lalace a banza." Ya mayar da shi yadda yake. "Ni kaina ne bai ja ba, ba wanda ya hana ni. Ke naki yana ja. Kada ki hana kanki."

Ran Laraba ta hau motar safe zuwa Iloilo. A hanya ta yi lissafin ƙaramin bim ɗin a bayan ambulan, sau huɗu, ko amsar za ta canza. Ba ta canza ba. Ba lallai ya faɗi ranar da aka cire katakan tallafi ba. Zai iya kai shekara biyu ko biyar, ya jira ranar da tanki ya cika, ƙasa ta ɗan girgiza kamar yadda ta saba, 'yan mata na layin wanka.

Injiniya Boning na jingine da filo uku, bakinsa ya karkace. Matarsa na ɓare masa lemo. Lorelie ta tsaya a ƙarshen gado ta faɗi komai, har da bayan kalanda. Matar ta ajiye wuƙa. Shi kuwa ya miƙa hannun hagu, Lorelie ta ba shi zanen. Idonsa ya tafi kai tsaye kan bim ɗin.

"Cleto?" ya ce da ƙyar.

"Shi ya gani, Injiniya."

Ya yi wani sauti da ta ɗauka tari ne, ashe dariya ce. "Ajinmu ɗaya. Shi yake koya mini lissafi. Ɗakin jarrabawa ne ba ya so."

Da hannun hagun ya nuna mata yadda za a yi: bim ya zauna inda yake, a juya matakai biyu na ƙasa su kalli gefe, goma sha shida su shiga ba tare da an taɓa ramin bene ba. Ya sa matarsa ta kira wata injiniya a garin da ke maƙwabtaka, ta karɓi aikin a hukumance, ta duba, ta sa nata hatimin. Sannan ya ce Lorelie ta kawo wa matarsa hatiminsa da mabuɗin aljihun. Bai kore ta ba, bai kuma ce ya yafe ba. Wannan mabuɗin da ta miƙa ya fi mata zagi ciwo.

Asabar ta wuce ba a zuba kankare ba. Tiyay Luding ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwar Lorelie. Tsoffin takardun uku Lorelie ta ƙona su a murhun mahaifiyarta, ta ce shara ce.

Ana saura mako ɗaya jarrabawa ta sayi fensir uku. Kowa ya san wanda ya riga ya ci ake kai wa ya fiƙe, don sa'arsa ta bi fensirin. Abokan karatunta sun yi layi a wurin malamansu. Ita ta ajiye nata a kan katakon tagar.

"Kin rasa mai fiƙewa ne duk faɗin lardin nan?" Manong Cleto ya ce. "Hannun nan sau uku ya faɗi. So kike ki gaje ni? Kujerar ɗaya ce."

"Kai nake so, Manong."

"Kai wa Boning."

"Hannunsa ba ya aiki."

"To kai wa matar da ta karɓi aikin Luding."

"Manong, akwai mutane a bayana."

Ya dube ta ta saman tabarau. Ya ciro 'yar wuƙarsa ta ɓare mangwaro, ya fiƙe su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana tara ɓawon a tafin hannu. Da ya miƙo mata, ya ce kada ta ci kifi mai yaji da safen ranar, shi abin da ya kayar da shi a karo na biyu ke nan.

Sunanta ya fito. Mahaifinta ya kwana biyu yana sassaƙa allon, ya kafa shi sama da ƙofa, ya ɗan karkace, ya hana kowa gyarawa. Har yanzu in ta bi ta gaban benen Tiyay Luding ta ga tawul ɗin 'yan mata a shanye a baranda, sai ta tuna da bim ɗin nan, ta sami wuri ta tsaya. Ba ta jin wannan zai bar ta nan kusa, kuma ba ta tabbata tana so ya bar ta ba.

A watan Fabrairu ta kawo zanen farko da sunanta, ɗakin girki ne na wata makarantar firamare, hawa ɗaya, ba matakala ko ɗaya. Manong Cleto zai yi ritaya a watan Mayu. Ya shimfiɗa takardar, ya sauke tabarau, ya lumshe ido. Yatsan ya zagaya a hankali, ya bi haruffan sunanta ɗaya bayan ɗaya.

"A tsaye kika matsa."

"A tsaye, Manong."

"Kin kusa huda takardar gwamnati. Da hatimin kuke faɗa?" Ya mayar da tabarau, ya duba ƙasan takardar, ya naɗe ta, ya turo mata ta ƙarƙashin ƙarafa. "Ina lambar rasit ɗin harajin sana'a?"

Lorelie ta dafe baki. Ta duba lissafin rodi sau biyar, ta manta da wannan.

"Taga ta biyu a dama, Injiniya," ya ce. "Yi sauri kafin su tafi cin abinci. Zan riƙe miki layi."